Iska da Wuta a Maƙera: Yadda Ake Kula da Oksijin Wajen Gasa Ƙarfe

A ƙasar Bakura da Talata Mafara da Maradun, inda noman rani ya ƙara bunƙasa bayan kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, manomi bai rabu da maƙeri ba. Fartanya da lauje da gatari duka daga maƙera suke fitowa, kuma laujen da ya dakushe ana tsakar yankan shinkafa asara ce ga mai gona. Sau da yawa laifin yana komawa ga yawan iskar da aka ba wuta lokacin gasa ƙarfen. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, ta kuma nuna yadda masana'antun zamani suke auna abin da maƙeri yake ganewa da ido.

Iskar da zugazugi suke turawa cikin wuta tana ɗauke da oksijin kimanin kashi 21 cikin ɗari. Shi ne yake cin gawayi har zafi ya tashi, amma idan ya yi yawa sai ya juya kan ƙarfen. Ɓarnarsa iri biyu ce. Ta farko, yakan haɗu da fuskar ƙarfe ya haifar da baƙin ɓawon nan da yake zuba gindin uwar maƙera in ana dūka. Ta biyu, wadda ido ba ya gani, yakan zuƙe kabon daga bayan ƙarfen. Kabon kuwa shi ne sinadarin da yake sa ƙarfe ya yi tauri in an tsoma shi cikin ruwa ko mai yana ja. Saboda haka bakin laujen da ya rasa kabon ba zai riƙe kaifi ba, ko da an ƙera shi da sifirin mota mai kyau.

Maƙeran baƙi sun daɗe da sanin maganin wannan, ko da yake ba da waɗannan sunaye ba. Sukan fifita gawayin ƙirya domin nauyinsa da daɗewarsa yana ci. Sukan tara shi da kauri su cusa ƙarfe a tsakiya, nesa kaɗan da inda iska take shigowa. Hikimar ita ce, kafin iska ta ratsa garwashi ta iso ga ƙarfe, gawayi ya riga ya cinye oksijin ɗinta. Sa'an nan maƙeri yakan umurci mai zuga ya sassauta ko ya ƙara hannu gwargwadon launin ƙarfen. In farin tartsatsi ya fara tashi daga jikinsa, to ƙarfe ya ƙone ke nan. Jan da ake nema wajen taurara ƙarfe irin wannan yana kusa da digiri 800 a ma'aunin santigired.

A masana'antu, inda ake gasa dubban haƙoran inji a tanda rufaffiya, ido ba ya isa. Da farko akan auna laimar da ke cikin iskar tanda a kintaci ƙarfinta. A 1957 masana biyu, Kiukkola da Wagner, suka nuna cewa wani farin sinadari mai kama da tangaran, watau zirkoniya, yana barin oksijin ya ratsa shi in ya yi zafi ƙwarai. Daga nan aka ƙera ma'aunin da ya yaɗu a masana'antu tun shekarun 1970. Siffarsa ta bututu ce mai toshe a baki ɗaya. Akan zura shi cikin tanda, cikinsa yana samun iskar waje, bayansa kuma yana shan iskar tanda. Bambancin oksijin da ke tsakanin ɓangarorin biyu yana haifar da 'yar wutar lantarki, wadda take ƙaruwa in oksijin na tanda ya ragu. Na'ura tana karanta wannan tare da zafin tanda, ta ƙara iskar gas ko iskar waje yadda ya dace. Aikin mai zuga ne dai aka miƙa wa na'ura.

Ga manazarcin harshe akwai abin lura a nan. Kalmar "zuga" ta fita daga maƙera ta shiga maganar yau da kullum da ma'anar ingiza mutum ga fitina, kuma wanda ya san maƙera ya san cewa zugar da ta wuce kima ƙona ƙarfe take yi. A wurare da dama fanka mai juyawa da hannu ta maye gurbin zugazugin fata, kuma kalmomin da suke tafiya da tsohon kayan aiki suna iya bin sa su ɓace. Ya kamata ɗaliban jami'o'in Sakkwato da Gusau su zauna da dattawan maƙeran Bakura su rubuta sunayen launukan ƙarfe da na yanayin wuta daga bakinsu, domin daga irin waɗannan kalmomi ne za a gina Hausar koyar da kimiyyar ƙarfe.