Tsohuwar Hilux, rairayi da ƙaya: kayan fasahar da za su fitar da kai idan taya ta sace a ƙauyukan Jibiya

Yau za mu fita daga cikin waya mu shiga mota, amma wayar za ta biyo mu.

Titin da ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya, ya ƙetare iyaka a Magama, ya wuce Ɗan Isa har Maraɗi, hanya ce ta 'yan kasuwa. Sai dai da zarar ka sauka daga kwalta za ka ƙauye kai taki ko ɗauko amfanin gona, abin da ke gabanka rairayi ne da rani, taɓo da damina, ga ƙayar aduwa da bagaruwa a kowane lokaci. Shi ya sa tsofaffin Toyota Hilux da Land Cruiser da Mitsubishi Pajero ke da daraja a nan. Amma ƙarfin mota ba ya hana kwana a daji idan taya ta sace babu mai faci kusa.

Ma'anar 2H da 4H da 4L

A yawancin tsofaffin motocin nan akwai ƙaramar giya kusa da babbar. 2H na nufin ƙafafun baya kaɗai ke ja, ita ce ta kwalta. 4H na sa ƙafafu huɗu su ja, ta rairayi ce da burji mai santsi. 4L kuwa tana rage gudu ta ƙara ƙarfi, don hawa gangare ko fita daga taɓo, kuma sai ka tsaya cak kafin ka sa ta.

Duba tsakiyar ƙafafun gaba. Idan ka ga abin murɗawa da aka rubuta FREE da LOCK, sai ka sauko ka murɗa duka biyun zuwa LOCK, in ba haka ba ƙafafun gaba ba za su ja ba ko ka sa 4H. Da ka hau kwalta kuma ka koma 2H. Dalili shi ne a kan kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin tafiya, amma giyar ta ɗaure su wuri guda. A rairayi taya kan ɗan zame ta sauke wannan matsin, a kwalta kuwa ƙarafan ciki ne ke shan wahalar.

Rage iska kafin rairayi

Taya mai iska sosai nutsewa take yi. Idan ka rage daga PSI 30 zuwa 35 da aka saba a kwalta ka dawo wajen 18 zuwa 20, tayar za ta ƙara shimfiɗuwa, nauyin mota ya bazu. Kada ka yi ƙasa da 15, kuma kada ka yi gudu ko ka sha kwana da ƙarfi, don taya na iya zamewa daga bakin wili. Idan mota ta ɗauko buhuna da yawa, ka rage kaɗan kawai. Kafin ka koma kwalta ka mayar da iskar, domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka har ta fashe.

Kayan da ya kamata su zauna a mota

- Famfon iska na lantarki mai bolt 12. Wanda ake maƙala wa batir kai tsaye ya fi ƙarfi, kuma a bar inji a kunne yayin hurawa.
- Ma'aunin iska na dijital.
- Na'urar TPMS: murafu huɗu ne da ake ɗaurawa a bakin iska, wasu na aika wa waya adadin iska da zafin kowace taya ta Bluetooth. Ƙaya a hankali take sace iska, na'urar za ta faɗa maka kafin tayar ta kwanta.
- Kayan facin tubles, filaya, jak, sifana, shebur, da katako mai faɗi da jak zai zauna a kai don kada ya nutse.
- Safaya mai iska da fawa-banki.

Yadda ake facin tubles a bakin hanya

1. Tsaya a wuri mai tauri, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a ƙafa.
2. Shafa ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa nan ne hujin.
3. Zare ƙusa ko ƙayar da filaya.
4. Soka ƙarfe mai kaushi ka goge ramin sau da yawa.
5. Zura igiyar roba a kafar allurar har tsakiyarta, ka shafa gam.
6. Tura ta ciki har kusan kashi biyu cikin uku, ka zare allurar a miƙe ba tare da murɗawa ba.
7. Yanke abin da ya yi saura, ka hura iska, ka sake gwadawa da sabulu.

Wannan faci na ƙaramin huji ne da bai wuce milimita 6 ba, a fuskar tayar da ke taka ƙasa. Idan gefen taya ne ya yage, sa safaya kawai. Idan kuma tayarka mai tib ce, igiyar ba ta da amfani, sai an ɓare taya an liƙe tib ɗin. Ko facin ya kama, ka kai wa mai faci ya liƙe ta ciki da ka isa gari.

Mai sayen taya ta hannu ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. Misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar roba tsagewa take yi a zafi, ko da zanenta bai cinye ba.

Waya da tsaro

GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, ba ya buƙatar data. Ka sauke taswirar yankin a Google Maps ko OsmAnd tun kana gida. A watan Satumba 2021 an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar tsaro, kuma ko ba katsewa akwai lungunan da sabis ba ya kaiwa. Ka tura wa ɗan'uwa hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka ta WhatsApp kafin ka tashi.

Taswira ba ta san inda 'yan bindiga suke ba, mutanen gari ne suka san halin da hanya ke ciki. Ka tambaye su, ka tafi da mota biyu in da hali, ka dawo kafin magariba. Mai zuwa Maraɗi kuma ya bi ta Magama da takardunsa, kada ƙarfin mota ya kai shi ɓarauniyar hanya.

Kafin tafiyar farko, samo tsohuwar taya a wurin mai faci ka gwada saka igiyar sau biyu ko uku a gida. Allah Ya kiyaye hanya.