Gayyar Na'urori a Hisabin Yanayi

A shekarar 1922 wani malamin hisabi na Ingila, Lewis Fry Richardson, ya wallafa littafi yana kafa hujja cewa iska da zafi da danshi suna bin ƙa'idojin da alƙalami zai iya lissafawa. Amma da yake hasashen sa'o'i shida kacal ya ci masa makonni, kuma jawabin ya fito a karkace, sai ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 a zaure guda, kowa da yankinsa na duniya, yana miƙa wa maƙwabcinsa sakamako, kafin lissafi ya riga hadari isowa.

Abin da ya suranta shi manyan kwamfutocin hasashen yanayi ke yi a yau: a yanka sararin sama gida-gida, a ba kowace na'ura rabonta, kamar yadda ake raba kunyoyi ranar gayya.

Sai dai hikimar da ta fi burge ni ita ce wadda malaman Jami'ar Oksfod suka fito da ita a 2003, bisa jagorancin Myles Allen, wato shirin climateprediction.net. Maimakon su raba duniya, sai suka aika wa dubban masu sa kai cikakken samfurin lissafin yanayin duniya ta intanet, kowane kwafi an ɗan sauya masa ma'aunin abubuwan da ba a da yaƙini a kansu, musamman sha'anin gajimare, domin kwamfutar gida ta yi ta lissafi a lokacin da mai ita ya bar ta ba aiki. Samfuri guda jawabi guda yake bayarwa, alhali kuwa mai hukunci yana bukatar sanin iyakar shakkar da ke tattare da jawabin.

Da mujallar Nature ta buga sakamakon a 2005, sai aka ga cewa idan iskar kabon ta ninka, ɗumamar duniya za ta iya kamawa daga ƙasa da digiri 2 har ta haura 11. Jaridu suka rungumi 11 ɗin suka yi ta yayatawa, wanda a ganina rashin adalci ne ga aikin, domin galibin kwafin sun taru ne kusa da digiri 3. Irin wannan awon shakka ake bukata a mas'alar daminar Sahel, inda samfurori suka daɗe suna saɓani kan ko ruwa zai ƙaru ko zai ragu.