Haƙorin yaro ya karye a lakkol: wa zai biya?

Yaro ba ya rabuwa da guje-guje da ƙwallo da kokawa. Ta nan ne haƙori ke karyewa ko ya fita ɗungum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan yara 20 cikin 100, daga haihuwa zuwa shekara 12, suna samun rauni a haƙori ko a baki.

Haƙoran nono guda 20 ne. Suna zuba, wasu su fito. Haƙoran girma guda 32 ne, kuma ba su da magaji. Na gaba na sama suna fitowa wajen shekara 7 zuwa 8, daidai lokacin da yaro ke ajin farko na lakkol. In ɗaya ya tafi, giɓin ya zauna ke nan.

Abin yi a sa'ar farko

In haƙorin girma ya fita, a nemo shi. A kama shi ta kai, kada a taɓa saiwarsa. In ya yi ƙasa, a ɗauraye shi da madara, kada a goge shi. In yaron zai daure, a mayar da haƙorin a gurbinsa, ya ciji tsumma mai tsabta. In bai yiwu ba, a saka haƙorin cikin kofin ɗanyar madara, ba nono mai tsami ba. Kada a naɗe shi cikin takarda. Saiwar da ta bushe har awa ɗaya da wuya ta sāke kamawa. Haƙorin nono kuwa ba a mayar da shi, don kada ya ɓata na ƙarƙashinsa.

Daga nan sai gidan likita mafi kusa. A tafi da katin rigakafi, domin likita zai duba maganar allurar tetanos. In aikin ya fi ƙarfinsu, za su tura yaron babban asibitin jaha da ke Agadez.

Maganar kuɗi

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta sa kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ɗan lakkol ya wuce waɗannan shekaru, don haka ana biya masa. A 2024 an rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, amma sayen magani yana nan. Mutumin Timia ko Iferouane ko Ingall yana da ƙarin nauyi: kuɗin mota, da abinci, da masauki.

A nan gardama ke tashi. Uba ya ce a hannun malami abin ya faru. Malami ya ce ɗan wane ne ya ture shi. Kafin a gama, haƙori ya mutu. A kai yaro likita tukuna, lissafi ya biyo baya.

Darakta ya rubuta ranar da abin ya faru, da lokacin, da waɗanda suka gani. Iyaye su adana takardar magani da kowane rasit. In wani yaro ne sanadi, iyayen biyu su zauna gaban darakta da mai unguwa, su raba nauyin da adalci.

Asusun gaggawa

Kowace lakkol ta gwamnati tana da kwamitin gudanarwa, wanda aka sani da COGES, daga baya aka koma kiransa CGDES. Iyaye na ciki, malamai na ciki. Wannan kwamiti yana iya buɗe asusun gaggawa. Ga misali: lakkol mai yara 200, in aka ba da dala 20 kan kowane yaro a shekara, an tara jika 20. Masu garka su biya bayan sun sayar da albasa, makiyaya bayan cin kasuwa. A zaɓi ma'aji, a rubuta shiga da fita cikin littafi, a karanta shi gaban taron iyaye. Ku da kuka koyi rubutu da lissafi, wannan littafi aikinku ne.

A kuma kwashe duwatsu daga filin wasa, malami ɗaya ya tsaya da yara lokacin hutu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mana ƴaƴanmu, amin.