Ranar da Sumayya Ta Sake Fuska

A Ƙauran Namoda ba kowa ke kallon shiri a lokacin da tashar talabijin ta sa shi ba. Wuta ba ta zama, data kuma tana cin aljihu, don haka yawancin mutane wurin masu tura fina-finai suke zuwa. Ƙanena yana da irin wannan shagon, na caji da turi, ni kuma nakan zauna wurinsa bayan la'asar. Direbobin hanyar Shinkafi da Zurmi suna tsayawa a cika musu memori, matan aure suna aiko yara da waya a ƙulle cikin leda, ɗaliban Poli suna zuwa neman kashin da ya fito daren jiya. Duk abin da ya faru a cikin shiri, a bakin wannan teburin ake yanke masa hukunci. A can na fahimci cewa rashin ɗan wasa ba matsalar masu shirya fim ba ce su kaɗai. Mai kallo ma yana yin rashi, kuma ba kasafai ake tuna shi ba.

A da, lokacin kaset da faifan CD, abin bai kai haka tsanani ba. Fim na ɗaya da na biyu ne, a ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, labari ya ƙare. Da Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota ranar 1 ga Janairun 2007 a Azare, ko da Rabilu Musa Ibro ya rasu a watan Disambar 2014, an yi kuka ƙwarai, amma mutum aka rasa, ba a bar wani dogon labari a rataye ba. Zuwan tashar Arewa24 a 2014, da kuma komawar masu fim kan YouTube bayan kasuwar faifai ta mutu, su suka kawo zamanin fim mai dogon zango. Yanzu zango ɗaya yakan kai kashi 13, wato wata uku kana tare da mutum duk mako, sannan a shiga wani zangon. Daɗin Kowa ya fi shekara goma ana yi. Yaron da aka yaye ana kallon Kamaye da Adama yanzu ya isa shiga sakandare. Wanda ka daɗe da shi haka ya wuce baƙo.

Shirin da ya fi koya mana wannan darasi shi ne Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020. Cikin ɗan lokaci ya rasa uku daga cikin ginshiƙansa, kowanne ta hanyarsa. Nuhu Abdullahi, mai fitowa a matsayin Mahmud, ya bar shirin, sai marubuta suka kashe Mahmud. Maryam Waziri, wato Laila, ta auri tsohon ɗan ƙwallon Super Eagles Tijjani Babangida a ƙarshen 2021, kuma bisa al'adar Kannywood mace idan ta yi aure takan ajiye fitowa a fim. Sai babbar girgiza a 2022, lokacin da Nafisa Abdullahi ta sanar da ficewarta, ta ce harkokinta ba su bar mata lokaci ba. Ita ce Sumayya, ita ce mai labarin da ake cewa Labarina. A cikin shirin Sumayya ta ɓata, ana ta nemanta, daga baya ta dawo da fuskar Fati Washa.

Akwai wata gwaggona da rikici ya koro ta daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi, take zaune gidanmu. Ba ta karatu, ba ta san Instagram ba, ba wanda ya gaya mata an yi canji. Da aka nuna sabuwar Sumayya ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta miƙo mini ita ta ce, “Ɗana, wagga ba Sumayya ta ba. Ina anka kai yarinyar mutane?” Na yi mata bayani cewa waccan ta bar aikin, wannan ta karɓa. Ta ce to ai sai su faɗi. Ba ta ƙi Fati Washa ba, daga baya ma ta saba da ita, domin jaruma ce da ta san aikinta. Abin da ya ɓata mata rai shi ne a ce mata wannan ce waccan alhali idonta na gani.

Ina ganin Gwaggo ta fi masu sharhi da yawa gane bakin zaren. Masu shirya fim sukan sanar da canji a shafukansu na intanet, su ɗauka kowa ya ji. Amma masu kallo da yawa, musamman mata da tsofaffi a garuruwa irin namu, ta memori kawai shirin ke iso musu, babu sanarwa, babu hira da darakta. Minti ɗaya a farkon kashi, da murya ba da rubutu kaɗai ba, a ce daga yau wance ce za ta ci gaba da fitowa a matsayin wance, ya isa. Ba ya cin kuɗi, kuma girmamawa ce.

Kashe mutum a cikin labari shi ne mafita mafi sauƙi ga marubuci, shi ya sa ake yawan gudu zuwa gare shi. Sai dai yana da tsada ta wani gefen. Mutuwar Mahmud ta raba kan masu zuwa shagonmu, har wasu suka daina karɓar shirin na ɗan lokaci, domin sun sa rai da aurensa da Sumayya tun kashi na farko. Ba mu kaɗai ba ne. A Indiya, a 2001, masu wani dogon shiri na tashar Star Plus mai suna Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi sun kashe jaruminsu Mihir, masu kallo suka tayar da ƙayar baya har sai da aka dawo da shi da rai. Mu nan dawo da matacce ba ya shiga hankalin mai kallo, kuma ina ganin hakan alheri ne, domin yana tilasta wa marubuci ya yi tunani kafin ya haƙa kabari. Daga ƙarshe ma Labarina ajiye labarin Sumayya ya yi gaba ɗaya, ya buɗe sabo da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, ya riƙe suna ya sauya gida. Wannan dabara ta rage dogaro da fuska ɗaya, kuma ta karɓu.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada da mutuwa ta gaskiya. Shekarun nan an sha ta. Nura Mustapha Waye, daraktan Izzar So, ya rasu a Yulin 2022 shirin na tsakiyar tashe. Bayan wata biyu, a Satumba, sai Umar Malumfashi, wanda manya suka sani da Bankaura, yara kuma suka sani da Ka-fi-gwamna a Kwana Casa'in. A 2023 Daɗin Kowa ya rasa Kawu Mala, a Nuwambar shekarar kuma Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ya cika a Kaduna. Saratu Giɗaɗo, Daso, ta rasu a Kano a Afrilun 2024, a ƙarshen azumi. Ranar da irin wannan labari ya iso shago ba a gardama. Sai salati, sai “Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta,” sannan mutum ya ce a tura masa tsofaffin fina-finan mamacin. Wasu kuma akasin haka suke yi, su ce a goge musu, domin suna ganin ci gaba da kallon wanda ke kwance a kabari, musamman inda akwai rawa da waƙa, nauyi ne a kansa. Na ga mutum biyu masu son jarumi ɗaya, ɗaya ya cika waya da shi, ɗaya ya share, kuma kowannensu ƙauna ce ta sa shi. Ban taɓa jin sha'awar cewa wane ne ya fi gaskiya a cikinsu ba.

Abin da nake fata daga marubutanmu shi ne idan ɗan wasa ya rasu, kada a ce ya yi tafiya, kada a bar kujerarsa kawai a daina ambatonsa. A bar shi ya rasu a cikin garin labarin ma. Al'adarmu cike take da abin da za a nuna: shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, zaman makoki, sadakar uku da ta bakwai, matar da ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, bashin da ya fito bayan an rufe mutum, rabon gado da yadda yake tona zumunci. Abokan aikinsa da za su zauna a kan tabarmar ba wasa za su yi ba, hawayensu na gaske ne, mai kallo kuma zai samu inda zai kai tasa ta'aziyyar. Wanda ya shekara takwas yana shiga ɗakinka duk mako ya cancanci a yi masa sallama a inda ka san shi.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi taɓa mu a wannan yanki. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako har da babbar kasuwar Alhamis ta Shinkafi, aka hana sayar da fetur a jarka. Wasu wuraren sun yi watanni babu sabis. A lokacin direbobin da suka fito daga Funtuwa ko Sakkwato su ke kawo sababbin kashi a wayoyinsu, a yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, a haɗa kai wajen mai sola a yi caji. Mutumin da ya bar gonarsa da maƙwabtansa, wanda bai san inda rabin 'yan garinsu suka watsu ba, idan ya kunna Daɗin Kowa yana ganin gari guda da har yanzu mai shayi ke wurinsa, malamin allo ke wurinsa, kowa ya kwana a gidansa. Shi ya sa ɓatan Sumayya bai zama nishaɗi ga Gwaggo ba. Ta san gidajen da ake jiran wanda ya fita bai dawo ba. Marubucin da ke zaune a Kano ya kamata ya san cewa irin waɗannan mutane suna cikin masu kallonsa, kuma suna da yawa.

Sauran magana ta kuɗi ce, kuma ita ce ba a son taɓawa. Ficewar jarumai da yawa tana da alaƙa da rashin rubutacciyar yarjejeniya mai ƙarfi: zango nawa za ka yi, nawa za a biya ka, wata nawa za ka bayar na sanarwa kafin ka tafi, me za a yi idan aure ya zo. Da ana rubuta waɗannan tun farko, da marubuci ya samu lokacin karkata labari a hankali maimakon ya yanke shi da wuƙa. Haka nan batun tsofaffi. A Fabrairun 2022 tsohuwar jaruma Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta a fim, wasu furodusoshi suka musanta, aka yi ta cacar baki. Ko wane ne ya fi gaskiya, tsarin da aka saba shi ne a sallami ɗan wasa sau ɗaya, shi ke nan. Shirin kuwa yana nan a YouTube yana tara masu kallo, tasha tana maimaita shi da tallace-tallace, har bayan mai fuskar ya kwanta dama.

Mu ma masu shagon turi muna cikin wannan lissafi. Har gobe fina-finan Ibro suna cikin abin da aka fi nema wurin ƙanena, fiye da shekara goma da rasuwarsa, ana biyan kuɗin turawa, kuma ko sisi daga teburinmu ba ya zuwa Ɗanlasan inda ya fito. Ƙungiyoyin masu fim irin su MOPPAN suna iya zama da ƙungiyoyin masu turi na kowane gari a yanka wani ɗan kaso, ko naira goma ce a kan kowace memori, a riƙa tarawa don jinyar 'yan wasa da iyalan waɗanda suka rasu. Na tambayi masu shago uku a layinmu, dukansu sun ce za su bayar idan an san hannun da zai riƙe kuɗin.