Kundin Kiɗa da Tukwanen Gidan Biki

Duk wanda ya taɓa leƙa madafar gidan biki ya san yadda mata ke raba aiki. Wannan na tuƙa tuwo, waccan na kan miya, wata na suyar waina, kowacce idonta na kan tukunyarta. Amma akwai dattijuwa guda da ke riƙe da lissafin murhu duka a kanta. Ita ta san inda za a ƙara itace da inda za a janye wuta, don komai ya nuna lokaci ɗaya.

Haka jagoran makaɗa yake a wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe irin West Side Story, wanda aka buɗe a Broadway ta birnin New York a Amurka a 1957. Leonard Bernstein ne ya tsara kiɗan, Sid Ramin da Irwin Kostal suka taya shi rarraba shi ga kayan kiɗa. Kowane makaɗi takardar rabonsa kawai ake miƙa masa. Jagora kuwa babban kundi ne a gabansa, mai ɗauke da rabon kowa, layi bisa layi: sarewa a sama, ƙahonni na bi musu, sai ganguna, goge can ƙasa. Kallo ɗaya yake wa shafi daga sama har ƙasa, kamar yadda dattijuwar nan ke ƙare wa tukwanenta kallo.

Har janye wutar ma akwai. Idan ɗan wasa bai gama magana a dandamali ba, makaɗa sukan riƙa maimaita ɗan guntun kiɗa a hankali, kamar miyar da aka bari tana ɓararraka kafin 'yan kai amarya su iso. Da jagora ya ɗaga hannu, sai waƙa ta tashi.

Ɗalibai da yawa kan tsaya ga taƙaitaccen kundin da aka rubuta wa piyano, don ya fi sauƙin karantawa. Wannan ɗanɗanar miya ce a ludayi: za ka ji daɗinta, amma ba za ka san wa ya zuba daddawa ba, balle yaushe.

Don haka mai son jagorancin makaɗa ya daure ya zauna da cikakken kundin, ya bi layin kowane makaɗi har ya san su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta san kowace tukunya ba, ba a damƙa mata girkin biki.