Abin da ya kamata mai sayen jitar bes ya sani kafin ya biya kuɗi a Bata

Daga shataletalen Bata, inda Fagge ta yi iyaka da Sabon Gari a birnin Kano, zuwa layukan da suka kewaye Kasuwar Abubakar Rimi, akwai shagunan kayan lantarki da na sauti da ke sayar da lasifika, amfilifaya, piyano da jita iri-iri. Masu sayen jitar bes a nan sun haɗa da kwamitocin majami'un Sabon Gari, masu ɗakunan ɗaukar waƙa, masu ba da hayar kayan sauti ga gidajen biki, da iyayen da 'ya'yansu ke koyon kiɗa.

Da yawansu ba makaɗa ba ne, su ne dai masu fitar da kuɗin. Bes mai daraja ƙirar Amurka takan haura Dala 1,000 tun a can inda aka ƙera ta, kafin a zo batun dako, kwastan da canjin kuɗi. Duk da haka akasarin masu saye sukan tsaya ne a kan launi, sheƙin fenti da sunan kamfani, alhali abin da ya fi tasiri a muryar jitar shi ne maɗaukin sautin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta, wanda makaɗa ke kira fikof.

Yadda maɗaukin sauti yake aiki

Garaya da gurmi suna da ƙoƙon da ke ƙara wa tsirkiya amo. Bes ta lantarki kuwa gungumen katako ce marar rami, idan ba a jona ta da amfilifaya ba da ƙyar na kusa zai ji ta. Aikin da ƙoƙo ke yi a garaya, fikof ne ke yin sa a bes.

Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, motsin kuma ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin wayar. Wannan wutar ce amfilifaya ke ƙarfafawa ta aika wa lasifika. Ƙa'ida ce da masanin kimiyya ɗan Ingila, Michael Faraday, ya gano a 1831.

Matsalar ita ce naɗin ba ya tantance abin da yake ɗauka. Yadda yake jin tsirkiya, haka yake jin wutar da ke bin wayoyin gini. Wutar Najeriya tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu kuma tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa. Ke nan ƙugin wuta yana faɗowa ne a tsakiyar muryar jitar, kuma duk ƙoƙarin rage shi daga amfilifaya yakan tafi da wani ɓangare na kiɗan. A wurin da janareta, fanka da fitilu ke aiki kan layi ɗaya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Manyan tsare-tsare huɗu

Na farko shi ne tsarin P, daga jitar Precision Bass da kamfanin Leo Fender ya fitar a 1951. Tun daga 1957 ake raba fikof ɗinta gida biyu, rabi a ƙarƙashin tsirkiyoyi biyu masu kauri, rabi a ƙarƙashin sirara biyun. An naɗe su ta fuskoki masu saɓa wa juna, don haka ƙugin da ɗaya ya ɗauko sai ɗayan ya kashe shi. Muryarta mai kauri ce, tana zama daram a ƙarƙashin ganga da piyano. Da ita James Jamerson ya kaɗa ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown a shekarun 1960. Rauninta shi ne murya kusan ɗaya gare ta.

Na biyu shi ne tsarin J, daga Jazz Bass ta 1960. Tana da fikof biyu dogaye, kowanne da naɗi ɗaya: ɗaya wajen wuyan jita, ɗaya kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa. Kusa da wuya tsirkiya ta fi lilo, sai murya ta fito da zurfi. Kusa da jaki kuwa a ɗaure take, sai murya ta fito da kaifi. Makaɗi yana gauraya biyun yadda ya so, shi ya sa ta dace da hannun Jaco Pastorius a kiɗan jaz, ta kuma dace da Aston Barrett, makaɗin bes na Bob Marley. Sai dai ƙuginta ba ya mutuwa sai an buɗe fikof ɗin biyu daidai wa daida. Da an rage ɗaya, ƙugi zai dawo.

Na uku shi ne PJ, wanda ya haɗa fikof irin na P a tsakiya da irin na J kusa da jaki. Yana ba da kaurin na farko da ɗan kaifin na biyu, kuma shi ne zaɓin da ya fi sauƙi ga wanda zai sayi jita ɗaya domin ayyuka da yawa. Abin lura shi ne ɓangaren J ɗin yana iya shigo da ƙugi, sai idan irin wanda aka ƙera musamman domin ya yi shiru ne.

Na huɗu shi ne hambaka, fikof mai naɗi biyu a jere cikin gida ɗaya, wanda sunansa ma ke nufin mai ture ƙugi. Seth Lover ne ya ƙirƙiro wa kamfanin Gibson irinsa a 1955, amma a duniyar bes jitar StingRay ta kamfanin Music Man, wadda ta fito a 1976, ita ce ta fi yin suna da shi. Muryarsa tana da ƙarfi da cizo, tana ratsa taron kayan kiɗa, kuma ta dace da salon marin tsirkiya da babban yatsa. Jitoci masu tsada da yawa, musamman masu tsirkiya biyar, suna zuwa da hambaka biyu a rufe cikin baƙin gida mai kama da sandar sabulu. Wannan siffa murfi ce kawai, dole mai saye ya tambayi abin da ke ciki.

Mai batir ko marar batir

Bayan tsari, sai tambaya ta biyu. Wasu jitocin suna da ƙaramar na'urar ƙarfafa sauti a cikinsu mai aiki da batir mai ƙarfin bolt 9. Amfaninta shi ne makaɗi yana iya ƙara zurfi ko kaifi daga jikin jitar, kuma sauti ba ya dusashewa ko da wayar da ta tafi amfilifaya doguwa ce, kamar yadda ake samu a manyan majami'u da ɗakunan taro.

Illarta kuma ita ce batir. Muddin waya na jone a jitar batirin yana ci, ko ana kiɗa ko ba a yi. Idan ya yi sanyi murya takan dishe, daga nan ta ɗauke, wani lokacin a tsakiyar biki. Batirin da aka manta a ciki cikin zafin bazarar Kano yana iya yoyo ya cinye wayoyi. Marar batir ba ta da wannan fargaba, kuma mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai iya duba ta. Wasu kamfanoni suna sa maɓallin da ke mayar da jita mai batir ta yi aiki ba tare da shi ba, kuma ga wanda ke kiɗa a bainar jama'a wannan maɓalli ya cancanci ƙarin kuɗi.

Wanne ya dace da wa?

Ɗakin ɗaukar waƙa, inda makirfo da kwamfuta ke tona kowane ƙaramin ƙugi, ya fi samun kwanciyar hankali da P ko hambaka. Majami'ar da ake rera waƙoƙin zamani da tsirkiya biyar, wadda ta biyar ɗin ke sauka zuwa girgiza kusan 31 a daƙiƙa, takan fi amfana da hambaka biyu masu batir, domin su ne ke fito da wannan zurfi a sarari. Mai ba da hayar kaya, wanda jitarsa ke yawo hannu-hannu, gara ya riƙe PJ marar batir. Tsarin J kuwa na makaɗin da ya san hannunsa ne, kuma yake da tabbacin wutar wurin da yake aiki.

Yana da kyau a yanke shawara tun kafin saye, saboda kowane tsari da irin ramin da aka sassaƙa masa a jikin katako. Sauya P zuwa hambaka daga baya yana nufin sabuwar sassaƙa, abin da ke karya darajar jitar ranar da aka tashi sayar da ita.

Gwajin da za a yi a shago

Kada a biya sai an jona jitar da amfilifaya. A buɗe sauti, a ɗan ƙwanƙwasa kan kowane fikof da bakin sukundireba, mai rai zai amsa da ƙara. A saurari kowanne shi kaɗai, sannan a haɗe. A kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya a ji ko ƙarfinsu ya zo daidai. A murɗa kowane maɓalli, domin ƙurar hunturu takan shiga ciki ta sa shi ƙarar yayyagewa.

Idan ƙara ta ragu lokacin da aka taɓa tsirkiya, wannan abu ne da aka saba gani. Idan kuwa ta ƙaru, akwai kuskure a haɗin wayoyin ciki. Idan hannu ya ji ɗan jan wuta, a ajiye jitar nan take: tsirkiyoyin a haɗe suke da jikin amfilifaya, kuma amfilifaya mai matsala a ginin da ba shi da wayar ƙasa tana iya halaka makaɗi.

Ga jitar hannu, wadda aka riga aka yi amfani da ita a waje, a nemi a buɗe murfin baya a duba ko fikof ɗin na asali ne, domin akan cire mai tsada a maye gurbinsa da mai araha. A kuma gwada lambar da ke jikin jitar da bayanan kamfanin a intanet, kasancewar jabun manyan sunaye sun yawaita a kasuwannin duniya. Wanda ba makaɗi ba ya tafi da wanda zai riƙa kaɗa jitar, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambarta da sharaɗin mayarwa idan ta ƙi wutar wurin da za ta yi aiki.