Me Ya Sa Jama'a Ke Kwashe Rubutunsu Daga Evernote?

Lokacin da manhajar Evernote ta fito ga jama'a a 2008, ɗalibai da 'yan jarida da lauyoyi sun rungume ta hannu bibbiyu. Mutum zai ɗauki hoton rasit ko allon aji, ya jefa a ciki, bayan shekara uku ya rubuta kalma ɗaya a wurin bincike, manhajar ta zaƙulo masa ita daga cikin hoton. A 2012 darajar kamfanin ta kai dala biliyan ɗaya. Yau kuwa tsofaffin masu amfani da ita suna ta tattara nasu ya nasu. Ana yawan ɗora laifin a kan tsada, amma a ganina abin da ya kore su shi ne rasa tabbacin cewa rubutunsu nasu ne.

Tun wajen 2013 kamfanin ya shagala da sayar da jakunkuna da safa masu tambarinsa na kan giwa, alhali mutane na kukan cewa abin da suka rubuta a waya ba ya isa kwamfuta daidai. A 2016 aka taƙaita masu amfani kyauta zuwa na'ura biyu, sannan a Disambar shekarar aka sanar da tsarin da zai ba wasu ma'aikata damar karanta rubutun mutane. Sai da jama'a suka yi ca kafin aka janye shi. A Oktoban 2020 sabon zubi na 10 ya zo da nauyin buɗewa, kuma babu wasu abubuwan da aka saba da su, ciki har da littafin da ke zama a kwamfutar mutum kaɗai. Bayan kamfanin Bending Spoons na Italiya ya sayi Evernote a farkon 2023, aka sallami yawancin ma'aikatan Amurka, aka ƙara kuɗi, a Disamba kuma aka ƙayyade wa mai amfani kyauta rubutu 50 da littafi ɗaya tak.

Wani zai ce ai kamfani ba gidan sadaka ba ne, ajiyar bayanan miliyoyin mutane kuɗi take ci. Gaskiya ne, kuma sababbin masu manhajar sun gyara saurinta, ba su hana kowa karanta ko fitar da tsohon rubutunsa ba. Sai dai wanda ya tara bincikensa na shekara goma a wuri guda ba ciniki yake da kamfani ba, ajiya ya bayar. Idan mai riƙon ajiya yana sauya sharaɗi duk lokacin da ya ga dama, mai kaya dole hankalinsa ya tashi ko da kayan suna nan.

Inda mutanen suka nufa ya ƙara tabbatar da hakan. Da yawa sun koma Obsidian, wadda ta fito a 2020, mai ajiye kowane rubutu a matsayin fayil na Markdown a na'urar mai shi, wanda kowace manhajar rubutu za ta iya buɗewa. Wasu sun zaɓi Joplin, da ke karɓar fayilolin ENEX na Evernote kai tsaye. Masu komawa Notion kam ba su tsira daga wannan damuwa ba, domin can ma rubutun yana hannun kamfani. Ƙaurar kuma da wahala: mahaɗan da ke tsakanin rubutu da rubutu sukan tsinke, sai mutum ya zauna yana gyara su ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka mutane suna yi.